Abin da sashen tiyata ya koya mini game da ciwo

A ƙarshen wannan wata zan bar sashen tiyata na maza inda na daɗe ina aikin jinya a nan Legas, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shugabar sashenmu ta ɗauki dauriyar mutanenmu Hausawa a matsayin shaidar cewa ba sa jin ciwo. Da yawansu 'yan kasuwar Mile 12 ne da mahautan Agege, waɗanda suka tashi da tarbiyyar cewa namiji ba ya raki. Ana gaishe shi da jiki sai ya yi hamdala, alhali ya damƙe ƙarfen gado, gumi na tsattsafo masa a goshi, numfashinsa kuma sama-sama.

Akwai wani dattijo da aka yi wa aikin hanji, likita ya rubuta masa allurar fentazosin, mai rage zafin ciwo, duk bayan awa 6, amma shugabar ta ce a bari sai ya nema da bakinsa, wai yawan allurar kan sa jiki ya saba, ga kuma ɗawainiyar cike littafin magungunan da ake kullewa. Da na kai mata takardarsa, sai ta ce mini a gaban ɗalibai son kai nake nunawa saboda yarenmu ɗaya. Dattijon ya ƙi yin tari don zafin ɗinki, majina ta taru masa a ƙirji, ciwon huhu ya kama shi, ya ƙara kwanaki a gado da kuɗin da 'ya'yansa ba su da shi. Ba wanda ya tuhume ta; ni aka mayar aikin dare.

Tun daga lokacin na daina dogara da gaisuwa. Nakan ce, "Baba, daga sifili zuwa goma, nawa ne zafin idan kuna kwance, nawa ne idan kun yi tari ko kun juya?" Wanda lissafin bai yi masa ba, sai in nuna masa zanen fuskoki ya zaɓa, sannan in dawo bayan magani in sake tambaya, domin maganin da ba a bibiya ba ba a san ko ya yi aiki ba.

Ga abin da nake kiyayewa game da magungunan rage ciwo: a ba da farasitamol a kan lokacinsa, kada ya wuce giram 4 a yini. Dikilofenak ba na mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ba ne. Bayan an ba da mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, a ƙirga numfashin mara lafiya.

Ƙananan ma'aikatan da na horar suna rubuta makin ciwo kusa da awon jini, ko da yake har yau ba a ware masa gurbi a takardar ba.