Yadda sanarwar ƙungiyarmu ta daina faɗawa akwatin spam

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Mambobi sun bazu, wasu na Kano da Abuja, wasu na Ingila da Saudiyya, kuma ta imel muke aika sanarwar taro da bayanin gudummawa, domin a WhatsApp magana mai muhimmanci kan nitse cikin gaisuwar Juma'a. Abin da na gada shi ne dogon jerin adireshi da ake zubawa a BCC (gurbin da ke ɓoye adireshin masu karɓar saƙo) daga asusun Gmail na kyauta, wanda ba ya barin ka wuce mutum 500 a rana. Ƙorafin kullum ɗaya ne: "Sakatare, ni fa ban ga komai ba." Ashe saƙonninmu akwatin spam suke faɗawa, inda imel ke jefa saƙonnin da yake zargin na banza ne.

Na fara da mayar da mu kan adireshi mai sunan shafin ƙungiya, muka riƙa aikawa ta Brevo, wani kamfanin aika imel ga mutane da yawa. Sai saita SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar wa Gmail cewa saƙon daga gare mu yake, ba wani ya ari sunanmu ba. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan, musamman ga mai aika saƙo 5,000 a rana. Mu ba mu kai nan ba, amma na yi duka, har da maɓallin fita daga jeri.

Aikin da ya fi cin rai shi ne na mutane. Google na so masu danna "spam" a kan saƙonka kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato uku cikin dubu. A ƙaramin jeri irin namu, mutum biyu sun isa su jiƙa mana aiki. Wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya nuna mini wayarsa, na ga da ya gama karanta sanarwa sai ya danna maɓallin spam, a zatonsa na gogewa ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙararmu kake kaiwa." Ya riƙe baki, muka fito da saƙonnin ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan na bi jerin na cire matattun adireshin Yahoo da masu su suka manta da su tun zamanin shagon intanet. Na roƙi kowa ya ajiye adireshinmu cikin lambobinsa, ya kuma amsa ko da "na gani" ne. Na hana kanu irin "GAGGAWA!!! KU BIYA KUƊI", domin manyan baƙaƙe da lambar asusun banki kamar 'yan damfara suke sa mu yi. Gajerun mahaɗan bit.ly da fosta tsura babu rubutu ma na daina.

Yanzu kafin kowace sanarwa ta fita, nakan gwada ta a Gmail da Yahoo da Outlook, in buɗe "Show original" a Gmail in ga PASS a gaban SPF da DKIM da DMARC, sannan in saki.