Agogo Bai San Sukar Kwiɓi Ba

Ni ba ɗan tsere ba ne. Sassarfa nake yi da safe don jiki ya saki, kuma abin da ya fi ɓata mini ita da farko ba gajiyar ƙafa ba ce, ba kuma haki ba. Wata suka ce a kwiɓin dama, can ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Takan fara a hankali, ɗan ja daga ciki kawai. In na yi kunnen uwar shegu da ita sai ta yi tsini, duk takun da na yi ta amsa, har in ga na dafe wurin ina tafiya a karkace. Da na tsaya na ɗan huta, shi ke nan, ta ɓace. Wani lokaci har saman kafaɗar gefen take kaiwa.

Na ɗaura agogon auna bugun zuciya da fatan zai riƙa yi mini gargaɗi, lamba ta hau, in gani, in sassauta kafin ciwon ya iso. Sai ga ranar da zuciya ke bugawa a natse, ina gudu ina hira, sukar ta kama ni. Ga kuma ranar hawan tudu, lamba ta kai ƙololuwa, kwiɓi shiru. Agogo jini yake kallo, ita kuwa wannan sukar ba a jini take ba.

An daɗe ana cewa tsokar numfashi, wadda ta raba ƙirji da ciki, ita ke rasa isasshen jini. Wannan bayani ya yi rauni, domin masu hawan doki suna shan sukar sosai alhali ba haki suke yi ba. Wasu suka ɗora wa hanta, wai tana rataye a jikin wannan tsoka, ga nauyi wajen kilo ɗaya da rabi, duk taku sai ta fizgo. Ga mai gudu maganar ta zauna, tunda hanta a dama take. To masu iyo fa? Babu jijjiga a cikin ruwa, su ma kuma tana kama su. Bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne wanda Darren Morton, wani mai bincike a Ostireliya, ya daɗe yana aiki a kansa, wato tantanin da ya lulluɓe ciki ta ciki. Tantanin ninki biyu ne, ɗaya manne da bangon ciki, ɗaya naɗe da kayan ciki, da ɗan ruwa mai santsi a tsakani. In tumbi ya cika ya turo, sai ninkin biyu su riƙa gugar juna. Na jikin bango yana da jijiyoyin da ke nuna ainihin inda zafi yake, shi ya sa mai sukar kwiɓi ke iya sa yatsa ɗaya ya ce nan ne. Ciwon kafaɗa kuwa, jijiyar da ke kula da tsokar numfashi daga wuya ta sauko, daga inda jijiyoyin kafaɗa suka fito, sai ƙwaƙwalwa ta kai ƙarar wurin da ba shi da laifi.

A bitar da Morton da Robin Callister suka wallafa a 2015, wajen kashi 70 cikin 100 na masu gudu sun ce sukar ta kama su a cikin shekara guda, kuma a tsere ɗaya ana sa ran ta kama mutum ɗaya cikin biyar. Matasa ta fi damu, tana raguwa da shekaru. Ko ba komai tsufa ya yi rana.

Da na fahimci cewa maganar tumbi ce, sai na bar kallon hannu na koma kallon abin da nake zuba wa ciki. Babban abinci yanzu sai da tazarar awa biyu zuwa uku kafin in fita. Amma abin sha ya fi abinci yi mini illa, musamman mai zaƙi. Lemun kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali suna daɗewa a tumbi saboda yawan sukari, kuma a wurina babu abin da ke kiran sukar da sauri kamarsu. Ruwa zalla ma in na ɗaɗɗake shi a bakin ƙofa, zan ji yana kaɗawa a ciki tun kilomitar farko, daga nan na san abin da zai biyo baya. Sai na koma shan ruwana tun da wuri, a hanya kuma kurɓa biyu, a ɗan jima, a sake kurɓa biyu. Ƙin shan ruwa gaba ɗaya ba dabara ba ce, ka tsere wa suka ka faɗa wa jiri.

Tsayuwar jiki ma da nata. In gajiya ta zo kafaɗu sukan rufto gaba, baya ya lanƙwashe, haƙarƙari ya danne ciki. Na lura a nan takan same ni a ƙarshen doguwar tafiya, da kuma a gangara, inda taku ke faɗi, ƙafa ke dukan ƙasa da ƙarfi. A gangara yanzu gajerun taku nake yi. A gida kuma nakan kife a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, in riƙe na ɗan lokaci, don tsokar ciki da ta baya su yi ƙwari. Aiki ne marar daɗi, amma tun da na lazimce shi sukar ƙarshen gudu ta ragu.

In ta riga ta kama, ba na jayayya da ita. Nakan rage gudu, in cusa yatsu uku ƙarƙashin haƙarƙarin, in ɗan sunkuya gaba, in ja iska har ciki ya kumbura, sannan in fitar da ita a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura wuta. In ta ƙi, in koma tafiya, babu abin kunya. Masu gudu suna da wata dabara da suke gaya wa juna, wai in sukar a dama take, ka riƙa fitar da numfashi daidai lokacin da ƙafar hagu ta taka ƙasa. Na gwada, takan yi aiki. Zargina dai shi ne ba hagun ba ce ke maganin, lissafin takun ne ke tilasta maka ka natsu ka yi dogon numfashi.

Shi kuwa agogo, sai da na san yadda yake samo lambarsa sannan na san yaushe zan yarda da shi. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan, wanda aka kafa a 1977, shi ya fitar da na'urar farko marar waya da ɗan wasa zai ɗaura a 1982, kuma da ɗamarar ƙirji take aiki, tana ɗaukar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Na wuyan hannu na yanzu hanyarsu daban. Juya bayan agogon za ka ga 'yan fitilu kore suna ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, duk bugun da zuciya ta yi jini yakan ƙaru a ƙarƙashin fata, hasken da ke dawowa ya ragu, daga wannan hawa da sauka agogon ke ƙirga. Don haka duk abin da ya girgiza shi ko ya bar hasken waje ya shiga zai rikita lissafin.

Na ga wannan da idona. Ina tafiya a sanyaye, numfashi ta hanci, sai lamba ta yi tsalle daga wajen 140 ta haura 170 ta kafe a can. Na tsaya na sa yatsu biyu a gefen wuya, na ƙirga na daƙiƙa 15 na ninka huɗu, ko kusa da lambar agogon bai kai ba. Agogon ya saki zuciya ya kama taku ne, domin yawancin masu gudu suna taka ƙasa sau 160 zuwa 180 a minti, kuma lilon hannu yana bin wannan ƙidayar. Maganin bai wuce in matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, in ƙara matse maɗaurin da huda ɗaya ba. A sanyi ma yakan yi shirme, don jini yana janyewa daga fata. Yana kuma makara, in ka ɓalle da gudu na rabin minti, kafin lamba ta hau ka gama. Mai irin wannan atisaye ya nemi ɗamarar ƙirji, ya ɗan jiƙa ta kafin ya ɗaura.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matakan launi da agogo ke kasa bugun zuciya a cikinsu, wancan kore, wancan ja. Yawancin agogo daga lissafin iyakar bugun zuciya a minti, wato 220 a cire shekarunka, suke gina su, lissafin da ya fito tun farkon shekarun 1970, kuma yana iya kauce wa mutum da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa, wani ma fiye. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka kawo wani, 208 a cire kashi 70 cikin 100 na shekaru. Ga ɗan shekara 40 duka biyun 180 suke bayarwa, amma 'yan shekara 40 biyu, ɗaya iyakarsa 168, ɗaya 192, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Wani dattijo da muke haɗuwa a hanya ya taɓa ganina ina ta leƙen hannu, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan ka yi mini magana. In ka kai ƙarshen jimla ba ka yanke ba, gudunka daidai ne." Da wannan awon na gyara matakan agogona, ba da shekaruna ba.

Lamba kuma tana motsi ko gudu bai canja ba. Bayan rabin awa, musamman in ana zafi, za ka ga ta hau a hankali, saboda gumi ya rage ruwan jini kuma wani kaso na jinin ya tafi fata don sanyaya jiki. Rashin barci, kofi, damuwa, mura mai shirin kamawa, duk suna ɗaga ta. Wadda na fi amfana da ita ma ba ta lokacin gudu ba ce, ta safe ce kafin in sauko daga gado. Ta baligi takan kasance tsakanin 60 da 100, ta mai motsa jiki takan yi ƙasa. In tawa ta ɗara yadda na saba kwana biyu a jere, ranar tafiyar ƙasa ce.

Wuri ɗaya agogo ya taimaka mini a kan sukar, wato mintuna goman farko. Ƙafa sabuwa, iska mai daɗi, mutum yakan ɓalle tun jiki bai ɗumama ba. Na sa masa iyaka, in na haura ya yi mini gurnani a hannu, in taka birki. Stephen Seiler, mai bincike a Norwe, ya nuna cewa manyan 'yan wasan dogon zango ma wajen kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sanyaye suke yi, balle ni.

Sukar kwiɓi ta gudu tana tafiya in an huta. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan an tsaya, ko ya zo da zazzaɓi ko amai, ko ya sauka can ƙasan mara ta dama, ba ita ba ce. Haka nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wanda ke miƙawa hannu ko muƙamuƙi, ko bugun da ke tsalle-tsalle tare da jiri. Waɗannan a bar gudun nan take a nemi likita, ko da agogo yana nuna kore.