Sabon batir, amma kullum sai an tura mota

Ƙarshen watan nan zan bar garejin da na koyi aikin wayarin mota. Tunda yaran da ke bayana suna ta tambayar abin da zan bar musu, gara in rubuta a kan aikin da ya fi jawo mini baƙin jini a wurin: motar da aka sa wa sabon batir amma kullum da safe ba ta tashi.

A wurin oganmu wannan ciniki ne kawai. Mota ta ƙi tashi, a sa batir. Ta dawo, a ce jabu ne, a mayar wa dila a karɓo wani. Ka ɗauko mita, na'urar auna wuta, sai ya ce, "Kai, makaranta ka zo ko aiki?" Abin da ke rufa masa asiri kuwa, idan aka gwada batirin da aka mayar, sai a same shi da rauni da gaske. Ba a yi batirin mota don ya riƙa sauka ƙasa warwas ba. Duk lokacin da ya sauka ya kwana a haka, gishirin dalma yana daskarewa a jikin farantan cikinsa, ya rage masa ƙarfin riƙe caji, kuma da wuya ya koma yadda yake. Motar ce ta kashe shi, amma shi ake ɗora wa laifi.

Ranar da laifin ya tashi daga kan batir ya dawo kaina, wata mota ce da na taɓa sa wa rediyo. An canza mata batir, an sake canzawa, mai ita ya dawo ransa a ɓace: ya ajiye ta ranar Juma'a, Litinin ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Oga bai ko buɗe bonet ba. Ya nuna ni ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, yaron nan ne ya yi maka haɗin banza a rediyo." A gaban kwastoma, a gaban yara. Ya kuma ce a cire kuɗin batirin daga haƙƙina. Na ce, "Oga, a bar ni in auna." Ya ce shi ya riga ya auna. Abin da ya kira awo shi ne ya ɗora mita mota tana aiki ya ga bolt 14.1, ya ce altaneta, wadda ke yi wa batir caji idan injin yana aiki, lafiya lau.

Da aka tashi na zauna. Na cika batirin da caji har ya tsaya a bolt 12.6, na cire kan baƙar waya, na jona mita a tsakani don in ga wutar da ke fita alhali an zare makulli. Nan ne mutane ke gaggawa. Motar zamani ba ta yin barci nan take, kwamfutocin cikinta kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin su lafa, kuma buɗe ƙofa kaɗai ya isa ya tashe su. Sai na danna maƙallin ƙofar direba da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take, na koma gefe na jira. Lafiyayyar mota bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba idan ta kwanta. Wannan ta tsaya a amfiya 1.8, wato miliamfiya 1,800, ta ƙi motsi. Lissafin ba wuya: batir mai amfiya-awa 60, ana zuƙe masa kusan biyu kowace awa, kwana ɗaya da yini ya isa a gama da shi.

Fis ɗin rediyo na fara cirewa, ba don komai ba sai don raina ya huta. Lambar ba ta girgiza ba. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na cikin mota da na ƙarƙashin bonet, shiru. To idan an cire duk ƙananan fis wuta tana ci gaba da fita, saura hanyoyin da ba sa bi ta akwatin fis, wato kakkaurar wayar da ke zuwa sitata da wadda ke zuwa altaneta. Na kai hannu jikin altanetar. Injin ya huce, ita kuwa da ɗan ɗuminta. Na raba batir, na kwance wayar bayan altanetar na naɗe bakin, na sake jonawa: miliamfiya 30.

Dayod ne ya lalace. Aƙalla guda shida ne a cikin altaneta, aikinsu su bar wuta ta wuce zuwa batir su hana ta komowa. Idan ɗaya ya fara yoyo, sauran suna iya ci gaba da caji har mita ta nuna maka 14 ka tafi da murna, amma da an kashe mota sai batir ya dinga tsiyaya ta cikinsa har gari ya waye. Fitilar batir ma ba lallai ta kama a dashbod ba.

Washegari na nuna wa oga. Ya dube ni, ya dubi mitar, bai ce uffan ba. Da mai motar ya iso sai na ji yana cewa, "Ai dama tun farko altanetar nake zargi." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da aka cire mini har yau ba a mayar ba, ni ma ban tambaya ba. Amma tun daga ranar, duk motar da ta gagara, sai ka ji an ce a ajiye ta sai na zo.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Kafin ka zargi wayarin wani, duba fitilar but: kwai mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, ya isa ya kwantar da mota cikin 'yan kwanaki, kuma ba ka ganinsa sai ka sa wayarka a ciki tana ɗaukar bidiyo ka rufe. Tambayi mai mota nisan tafiyarsa, don wanda ke tuƙin minti biyar da eyasi da fitilu a kunne ba ya mayar wa batir abin da sitata ta ci. Duba ranar da aka ƙera batirin, sabo a hannunka ba sabo ba ne a kan kanta. Taɓa bel, girgiza kawunan batir, bi wayar da ta haɗa shi da jikin mota. Wasu motocin, irin su BMW, sai an sanar da kwamfutarsu cewa an canza batir. Kada ka cire kan batir injin yana aiki wai kana gwada caji, ko da ka ga manya suna yi; kwamfutar mota ake ƙonawa da haka.

Wanda zai hau bencina kuma, ya nemi mitarsa ta kansa. Ta garejin fis ɗinta ya ƙone tun ranar da oga ya murza makulli tana jone da batir, kuma yaro aka ce ya lalata ta.