Idan kamfanonin fasaha suka bunƙasa, ina sauran mutane za su kwana?

Ni ba na cikin masu tsine wa wayar hannu da intanet. Da su nake neman na kaina, da su nake ganin fuskar 'yan'uwana da ke nesa, kuma ilimin da a da sai mai gata ke samu yau yana tafin hannun duk mai son koyo. A Kenya, tun da tsarin kuɗin waya na M-Pesa ya fito a 2007, mutanen da banki bai taɓa yi musu kallon arziki ba suka fara tura kuɗi da karɓa ta waya. Wannan alheri ne, kuma ba na ja da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake rabon riba da wahala. Amfanin yana bazuwa ko'ina, kowa ya sami ɗan kasonsa. Dukiyar kuwa a hannun 'yan tsiraru take taruwa, nauyin kuma ya faɗa kan maƙwabtan kamfanonin. A 2012 Facebook ya sayi Instagram kan dala biliyan 1, alhali ma'aikatansa 13 ne kacal. A shekarar ce kuma Kodak, kamfanin hoton da ya taɓa ɗaukar mutum sama da 140,000 aiki, ya shelanta cewa ya karye. Bayan shekara biyu aka sayi WhatsApp kan dala biliyan 19, da ma'aikata kusan 55. Kuɗi mai yawa haka, gidajen da yake ciyarwa kuma ba su taka kara sun karya ba.

Birnin San Francisco na Amurka ne ya fi nuna mini wannan ƙarara. A ƙarshen 2013 mazauna birnin suka fara tare manyan motocin da ke kwasar ma'aikatan Google da takwarorinsa zuwa ofisoshinsu na Silicon Valley, yankin kamfanonin fasaha da ke kudu da birnin. Dogayen motoci ne masu duhun gilashi, da intanet a ciki, suna tsayawa a tashoshin da aka tanada don motocin haya na gwamnati. Mai shara ko malamar makaranta tana tsaye tana jiran motarta, ga wata ta tare wurin, ba ta da ikon shiga, kuma ta san masu shigar ne suka sa mai gidanta ya ƙara mata kuɗin haya. Wasu masu gidaje ma sun fake da dokar Ellis ta jihar Kalifoniya, wadda ta ba su damar fitar da gida daga kasuwar haya, suka sallami mutanen da suka yi shekara da shekaru a ciki, suka sayar wa masu hannu da shuni.

Masanin tattalin arziki Enrico Moretti ya ƙiyasta cewa kowane aiki guda na fasaha yana janyo wasu ayyuka kusan 5 a garin: direba, mai aski, likita, mai renon yara da makamantansu. Na yarda da shi. To amma mutum biyar ɗin nan a ina za su kwana? Ofis yana tashi cikin 'yan watanni, izinin gina gidaje kuwa sai an sha jira. Sai ka ga mai goge ofishin ya koma can bayan gari, yana kashe sa'o'i a hanya safe da yamma. Laifin nan ba na injiniyan da ya karɓi albashinsa ba ne, na hukumomin da suka yi maraba da kamfani ba su tanadi muhalli ba ne.

Sai kuma wuta da ruwa. A Ailan, rumbunan adana bayanai, wato gine-ginen da ke cike da kwamfutocin kamfanonin intanet, sun sha kashi 5 cikin 100 na lantarkin ƙasar a 2015. Zuwa 2023 sun kai kashi 21. Bangalo, cibiyar fasahar Indiya, ta yi fama da ƙarancin ruwa mai tsanani a 2024, bayan gine-gine sun cinye tafkunanta da dama.

Su kansu 'yan cikin gidan ba su tsira ba. Daga Maris na 2000 zuwa Oktoban 2002 kasuwar hannun jari ta Nasdaq, wadda kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ta zube da kusan kashi 78 cikin 100. A Nuwamban 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami mutum 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Baƙon da ke aiki a Amurka da bizar ƙwararru ta H-1B, idan aka sallame shi, kwana 60 kawai gare shi ya sami wani aikin, in ba haka ba ya tattara iyalinsa, ya cire yara daga makaranta.

Yanzu ga guguwar ƙirƙirarriyar basira (AI) ta taso, gwamnatoci na rige-rigen ba kamfanoni fili da sassaucin haraji, irin sassaucin da San Francisco ya yi wa Twitter a 2011. Ina so kafin a sa hannu a rubuta cikin yarjejeniya gidaje nawa za a gina, wa zai biya kuɗin ƙarin wuta da ruwa, da kuma abin da kamfanin zai mayar wa gari idan ya tashi kafin wa'adi.