Ƙaramin yaren da muke cin abinci da shi a Jidda

Aikinmu in za a faɗe shi a gajarce shine mu ɗauko bayanan ciniki yadda ɗan kasuwa yake ajiye su a tsohuwar manhajarsa, mu juya su zuwa siffar da hukumar haraji ta Saudiyya take karɓa, kuma da wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da muka ƙera da kanmu muke wannan juyin. Ofis ɗin ƙarami ne a Jidda, mu huɗu ne, ni da ɗan yayata da wata baiwar Allah 'yar Mai Wurno da ta taho daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, sai akanta guda da yake leƙo mu bayan la'asar. Kwastomomi kuwa yawanci 'yan sari ne na Balad da Bab Makka a nan Jidda da wasu can Makka, masu turare, masu dabino, masu jallabiya da darduma da carbi irin tsarabar da alhazai ke cika jaka da ita, sai 'yan kantunan magani kaɗan. Da yawansu namu ne, Hausawan da kakanninsu suka zo hajji suka yi zamansu, shi ya sa cinikin ma rabi da Larabci ake yi rabi da Hausa.

Haraji ne ya buɗe mana kasuwa. VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan ciniki, ya fara a nan a Janairun 2018 kan kashi 5 cikin ɗari, a Yulin 2020 aka ɗaga shi zuwa 15. Sai hukumar ZATCA mai kula da zakka da haraji da kwastan ta fito da tsarin Fatoora, daga 4 ga Disamba 2021 an daina rasit na hannu, na'ura ce za ta fitar da fatura kuma ta mai saye ɗaiɗai sai da lambar QR a jiki. Wannan bai tada hankalin kowa sosai ba. Mataki na biyu da ya fara 1 ga Janairu 2023 shine ya zo da aiki, don yanzu dole manhajarka ta yi magana kai tsaye da ta hukuma. An fara da manyan kamfanoni masu cinikin da ya haura riyal biliyan 3, daga nan ake ta saukowa rukuni-rukuni har abin ya iso kan irin mutanenmu. Faturar kanta fayil ne na XML, wato rubutun da aka tsara don na'ura ta karanta, a kan ƙa'idar takardun kasuwanci mai suna UBL 2.1. In kamfani ka sayar wa sai hukuma ta tantance ta ta buga mata hatimi kafin ka miƙa, in kuma mutum ne ya shigo kanti ya saya kana da awa 24 ka kai rahoto. Kowace fatura tana ɗauke da lambar jeri da wani tambari da ake lissafowa da wata dabarar lissafi mai suna SHA-256 daga faturar da ta gabace ta, kaga ba damar a zare guda daga tsakiya a ce ba a yi cinikin ba.

Toh inda ake zuwa ɗaya ne, amma inda ake tasowa kowa da nasa. Wani bayanansa suna cikin manhajar Access, wani Excel ne kawai yaransa ke cikewa, wani kuma manhaja ce da wani injiniya ya rubuta masa shekaru da yawa ya tattara ya koma ƙasarsu babu wanda ya san cikinta. Wannan yana rubuta kwanan wata da Hijiriyya alhali fatura na Miladiyya take so, wancan farashinsa har da haraji a haɗe sai an ware, wani in an dawo da kaya sai ya rubuta fatura mai kuɗi da alamar ragi, ita kuwa hukuma takarda daban take so mai lamba 381 a madadin 388 ta fatura, wadda za ta ambaci faturar asali ta kuma faɗi dalilin dawowar. Kuma ba wanda yake son ka ce masa ya watsar da manhajarsa, yaransa sun saba, tarihin bashin da yake bin mutane duk yana ciki.

Abin da yawancin masu irin aikinmu suke yi shine duk kwastoma a zauna a rubuta masa nasa kod ɗin da yaren kwamfuta irin Python ko Java. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma ranar da hukuma ta sabunta wata ƙa'ida sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tono, kuma dokar haraji ta nutse cikin kod ta yadda akanta, wanda shine ya san dokar, ba zai iya dubawa ya ce nan an yi daidai nan an kauce ba.

Mu sai muka bi ta hanyar samfuri. Kafin mu taɓa bayanan shago sai mu zana samfurinsa, wato mu rubuta waɗanne abubuwa ne a ciki, rasit, layin rasit, kaya, mai saye, reshe, kowanne me yake ɗauke da shi kuma wa yake rataye da wa. A ɗaya gefen akwai samfurin fatura, shi guda ɗaya ne tal muke kula da shi wa kowa. Tsakaninsu sai dokokin juyi, kuma waɗannan dokokin ba da yaren kwamfuta na gama-gari muke rubuta su ba, da wani ɗan ƙaramin yare ne da muka ƙera da kanmu wanda babu abin da ya iya a duniya sai wannan aikin. In na mayar maka da doka ɗaya Hausa za ta fito kamar haka:

daga layin rasit zuwa layin fatura
adadi shine yawan kaya
in rukunin kaya magani ne mai rajista, haraji sifili
in ba haka ba, haraji na kowa da kowa

Shikenan fa. Mai kantin magani yana da kayan da harajinsu sifili ne da kuma irin su man shafawa da sabulu da ake cire wa kashi 15, kuma akantansa zai karanta layukan nan huɗu ya gane ba tare da ya taɓa koyon kod ba.

Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, kar wani ya ɗauka. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja, masu yaren zana samfuri na UML, sun fito da tsarin MDA, wato gina manhaja daga samfuri, tun 2001, a 2002 suka nemi a kawo musu yaren juya samfuri, abin da ya zama QVT, wanda sigarsa ta farko ba ta fito ba sai 2008 kuma ya zo da yaruka har uku a ciki. A Nantes ta Faransa su Jean Bézivin da Frédéric Jouault suka yi nasu yaren juyin mai suna ATL, a jami'ar York ta Ingila aka yi makamancinsa, Epsilon. Na zauna da ATL sosai kuma wlh yare ne mai tsafta, daga wurinsa muka ɗauko tsarin daga kaza zuwa kaza, da kuma ƙa'idar cewa samfurin tushe karanta shi kawai ake yi ba a taɓa shi. Mun kuma ɗauko ajiye sawu, wato duk abin da aka samar a gefen fatura injin da ke aiwatar da dokokin yana riƙe da bayanin daga wane layi na shago ya fito. Abin da ya hana mu amfani da shi kai tsaye shine an yi shi ne don injiniyoyi, sharuɗɗansa da wani yaren daban mai suna OCL ake rubutawa, in ka ajiye wa akanta shi a gaba zai kalle ka ne kawai. Kuma yana iya juya kowane irin samfuri, mu kuwa guda ɗaya muke bukata.

Wannan ne ma ainihin abin da nake so masu sha'awar sana'ar su gane, amfanin ƙaramin yare yana cikin abubuwan da ya ƙi yarda a rubuta. Namu babu zagaye a cikinsa, ba ka iya cewa maimaita kaza har sai kaza, don haka babu dokar da za ta kama juyawa ta ƙi tsayawa ana tsakiyar ciniki. Ba ya shiga intanet, ba ya buɗe fayil. Kuɗi nau'i ne na musamman a cikinsa, ba ka haɗa kuɗi da adadin kaya, kuma ba a lissafa shi da irin lambobin nan masu ɗigo da kwamfuta ke yi wa kusan-kusan, waɗanda in ka tara 0.1 da 0.2 ba sa ba ka 0.3 cif. Cike ragowar halala wuri ɗaya ake yinsa a cikin injin, mai rubuta doka ba shi da hannu a ciki. Wanda bai yi aikin ba zai ce halala ɗaya me za ta yi, riyal ɗaya fa halala 100 ne, amma fatura mai layi da yawa in ka cike kowane layi daban sannan ka tara, jimillar tana iya saɓa wa wadda za ta fito in ka tara tukuna ka cire harajin, kuma na'urar tantancewa ba ta san alfarma ba. Sannan yaren ba ya yarda ka bar rami. In shago ya shigo da sabon rukunin kaya babu dokar da ta faɗi harajinsa, juyin tsayawa yake yi ya faɗi sunan rukunin, ba ya yin hasashe.

Ɗan yayata yakan matsa min a kan wannan. Kawu, a bar mu mu saka ɗan kod a tsakiyar doka mana, wani abin layi biyu ne kawai. Ni kuma na ƙi, don ranar da ka buɗe wannan ƙofar kowa ta nan zai riƙa bi, bayan ɗan lokaci ka koma inda ka baro, ga kod ga kuma yaren da za ka ci gaba da reno. In wata bukata ta taso a shago ɗaya sai mu gyara bayanan tun kafin su shigo samfuri. In ta taso a shaguna da dama toh ta cancanci kalma a yaren, haka juya Hijiriyya da kalandar Ummul Ƙura ya shigo.

Rubuta nahawun yaren shine mafi sauƙi a duk aikin. Da Xtext muka yi, wata manhaja ta ƙera yaruka, kana rubuta nahawu ya samar maka da mai karanta rubutun da edita mai launi da samfurin yaren, duk a kan Eclipse, manhajar da ake rubuta kod a ciki. Wahalar tana baya. Saƙon kuskure kaɗai ya ci mana lokaci fiye da komai, don saƙon da zai ce an sami alamar da ba a zata ba a layi na kaza ba shi da amfani ga akanta. Abokiyar aikinmu ta Mai Wurno ita ta karɓi wannan ɓangaren, ta bi saƙonnin kaf ta mayar da su Larabcin 'yan kasuwa, irin su lambar harajin mai saye dole ta zama lamba 15 ta fara da 3 ta ƙare da 3, taka 14 ce, duba rasit mai lamba kaza. A nan ajiye sawun nan yake biyan kuɗinsa, in hukuma ta dawo da fatura muna nuna wa mai shago ainihin layin da ke cikin manhajarsa da ya jawo, ba mu bar shi da XML yana zare ido ba. Kalmomin yaren kuwa da haruffan boko muka bar su, saboda in ka cakuɗa rubutun dama zuwa hagu da sunayen UBL a layi ɗaya edita rikicewa yake yi, ka rasa ina farkon layi ina ƙarshensa.

Sai maganar siga. Yare in mutane sun fara rubutu da shi ya zama amana, ba ka tashi da safe ka canja ma'anar kalma. Kowane fayil na dokoki yana faɗin sigar da aka rubuta shi da ita a layin farko, in mun yi sabuwa sai mu rubuta juyin da zai ɗaga tsofaffin fayiloli, wato dokokin ma kansu samfuri ne da muke juyawa. Akwai kuma masu tambaya ko za a iya juyawa ta baya, daga fatura a koma manhajar shago. Masana sun daɗe a kan wannan, tun 1994 Andy Schürr ya kawo wata hanya ta haɗa samfuri biyu da na uku a tsakiya, QVT ma yana da ɓangaren da aka yi don haka. Mu dai ba ma yi. Bayanai suna zubewa a hanya, ribar da mai shago ya ɗora da sunan yaron da ya yi cinikin ba sa shiga fatura, toh daga ina za ka dawo da su. Abin da muke mayarwa kawai shine an karɓa ko ba a karɓa ba, da lambar QR.

Wani dattijo mai sarin turare a Makka da na je yi wa bayani ya saurare ni har na gama sannan ya ce, ɗana ni duk wannan yaren naka ban da shi, in Zulhajji ya kama layi ya kai bakin titi na'urar za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba? Na ce Baba Alhaji ba za ta tsaya ba in sha Allahu, don juyin a cikin kwamfutar kanti ake yinsa, in intanet ta yi nauyi faturar masu saye ɗaiɗai tana shiga layi a tura ta daga baya cikin awa 24 ɗin, ta 'yan sari ce dai dole a jira hatimi. Tambayarsa ita ce daidai, kwastoma ba yare yake saye ba. Shi ya sa ba ma sa kuɗi a kan yaren, kuɗin haɗawa muke karɓa sau ɗaya gwargwadon yadda bayanan shago suka hargitse, sai na kulawa duk wata. Kafin Ramadan da kafin hajji muna rufe duk wani canji, ko gyaran waƙafi ne sai bayan an sauke farali.

Masu turo min saƙo daga Kano da Zinder suna cewa su ma za su ƙera nasu yaren, abin da nake ce musu shine su fara ƙirga sau nawa suke maimaita aiki iri ɗaya. Mai kwastoma biyu ko uku ya rubuta kod ɗinsa kawai ya huta, yare sai aikin ya yi ta dawowa da fuska ɗaya kuma akwai wanda ba injiniya ba da ya kamata ya karanta dokokin. In ma za ka fara, fara da na cikin gida, wato ka tsara ayyukan Python ko Kotlin ɗinka su riƙa karantuwa kamar dokoki, in ya zauna sannan ka yi masa nahawu nasa. Mu yanzu abin da ke gabanmu shine kwashe editan daga Eclipse, don yana yi wa kwamfutocin kanti nauyi kuma akantoci ba sa son girka shi. Muna gwada Langium, takwaran Xtext, wanda aka yi da yaren TypeScript yana tafiya da editan VS Code kuma ana iya saka shi cikin burauza, in ya yi akanta zai buɗe shafi ne kawai ya gyara dokarsa, mu duba mu sa hannu kafin ta hau.