Shekarun da muka yi muna rushe benaye a Castle Vale

A 1991 aka ba mu gidan haya na gwamnati a Castle Vale, arewa maso gabashin Birmingham, ni da maiɗakina da jaririyarmu, a hawa na tara. Da na faɗa wa wani abokin aikina sunan unguwar, sai ya yi jim, ya ce ko ban samu wani wurin ba ne.

An gina unguwar a shekarun 1960 a kan tsohon filin jirgin saman Castle Bromwich, inda aka riƙa gwada jiragen yaƙi na Spitfire lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dogayen benaye 34 aka kafa, aka kwaso mutane daga tsoffin lungunan Aston da Nechells aka zuba. Kafin zuwanmu wurin ya riga ya gaji. Da hunturu bango ya yi ta zufa, funfuna ta kama bayan kwaba, lif kuwa yau da lafiya gobe babu. Na sha ɗaukar keken jaririya a kafaɗa har hawa na tara, ina tsayawa a kowane hawa ina haki.

A 1993 mazauna suka kaɗa ƙuri'a, aka amince a miƙa unguwar ga wata hukuma ta wucin gadi mai gyara da sake gina unguwanni da ake kira Housing Action Trust (HAT), irin wadda dokar gidaje ta 1988 ta ba da damar kafawa. Guda shida kacal aka yi a duk Ingila. Ni dai na shiga kwamitin masu haya na benenmu ne saboda haushin lif, ba don kishin kowa ba. Aikina bin ƙofa-ƙofa da takarda, ina tambayar mutane irin gidan da suke so idan aka rushe.

A nan na tafka kuskure. Na ɗauka duk wanda ke cikin benen nan Allah-Allah yake ya fita, don haka tambayata ba ta wuce ɗaki nawa kake so, da lambu ko babu lambu. Wata tsohuwa Baturiya a hawa na huɗu ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce, "Ɗana, ina gurbin da zan rubuta sunan maƙwabciyata?" Ashe sun fi shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa. Ita ke karɓo mata magani, ita ke riƙe da makullinta, kuma idan gari ya waye ba ta ji motsinta ba sai ta ƙwanƙwasa. Ta ce in raba su za a yi, gara a bar ta da danshinta. Kunya ta kama ni, ni da na tashi a gidan da ake miƙa tuwo ta kan katanga. Na koma wa kwamiti, muka ƙara layi ɗaya: wa kake so ya zama maƙwabcinka? Wannan layin ya fi kowanne cika.

Na kuma gane cewa taron da aka sa ƙarfe biyu na rana taron 'yan fansho ne kawai. Sai da muka mayar da shi dare, muka samo mai kula da yara, sannan iyaye mata suka fara zuwa, kuma su suka fi kowa sanin lungun da ba fitila da hanyar da yara ke tsoron bi.

Zuwa 2005 da hukumar ta naɗe tabarmarta, an rushe benaye 32, saura Chivenor da Topcliffe. An gina sababbin gidaje kusan 1,500, an buɗe babban kantin Sainsbury's, kuma mafi yawan masu haya suka zaɓi ƙungiyar gidaje ta unguwar ta zama mai gidansu. Ba kowa ya ga ƙarshen abin ba. Shekara goma sha biyu ba wasa ba ce ga mai shekara saba'in, wasu kuma da aka kai wata unguwa kafin a gama gini ba su dawo ba.

Tsohuwar nan dai ta samu gidan ƙasa, maƙwabciyarta na jikin bangonta. Ranar da na je yi musu barka, na tarar suna musu a kan wadda za ta shuka fure a jikin shingen da ya raba su.