Hoton mantuwa a bakin teku

Masu son nuna ciwon mantuwa a hoto sukan dusashe komai gaba ɗaya, kuma a nan suke kuskure. Mai wannan lalura yakan riƙe sunan ƙawar yarinta daram, amma abin da ya ci da safe ya ɓace masa. To hoton ma haka ya kamata: abu guda ya fito sarai, sauran su narke.

Nemi tsohuwar igiya ko ƙarfen da tsatsa ta ci, inda ruwa ke zuwa yana komawa. Kafa kyamara kan ƙafa uku, sa filtar ND mai mataki 10 (baƙin gilashi mai rage hasken da ke shiga kyamara), saita ISO (ƙarfin karɓar haske) a 100, ƙofar haske a f/11, ka bar ta a buɗe daƙiƙa 30. Ruwan zai zama hazo, ƙarfen ya tsaya. Daidaita ganin kyamara a kan ƙarfen kafin ka ɗaura filtar, domin bayan nan kyamara ba ta gani sosai.

Matsalar ita ce jiƙaƙƙen yashi. Ƙafafun sukan nutse a hankali yayin ɗauka, sai ƙarfen ma ya dusashe. Danna su ciki sosai tukuna. Feshin gishiri kuwa, goge shi da busasshen kyalle kawai yana barin dabbare a gilashi. Ɗan jiƙa kyallen da ruwa mai tsabta.